TSARIN CIKIN ƊAKI A ADAR: A SAN MATSALA KAFIN A YI ADO

Da zarar an kai amfanin gona gida, aikin gini ya tashi ke nan a birnin Tawa da garuruwan da ke arewa da shi. Ruwa ya ɗauke, hannu ya sami sarari, 'yan biɗa kuma sun fara aiko da abin da suka samo daga Abijan, Libiya, Nijeriya da Kamaru. Duk unguwar da mutum ya bi, daga Bilbis har Wadata, zai ga tulin yashi a ƙofar gida, da buhunan siminti, da kwanon rufi a jingine. Wannan abin farin ciki ne, don yana nuna cewa gumin samari bai zuba a banza ba.

To amma sai bazara ta kama ake gane aikin da aka yi. A watannin Afirilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a cikin inuwa. A lokacin nan sai a ga mai sabon ɗaki ya jawo katifarsa tsakar gida, domin ɗakin ya koma tanda. Yara kuwa da tsakar rana sai su gudu tsohuwar shigifar kakarsu, inda ake iya yin barci. Mutum ya yi shekara biyu ko uku a ƙasar wasu yana tara kuɗi, ya zo ya zuba su a ɗakin da ba ya zaunuwa a watannin da aka fi bukatar inuwa.

Abin da ke jawo haka shi ne an soma aikin daga ƙarshe. An zaɓi launin fenti da irin labulen da za a rataya, ba a tsaya an tambayi inda rana ke dukan bango ba, ko ta inda iska za ta shiga ta fita. Gwanayen tsara cikin ɗaki, na da da na yanzu, ba haka suke yi ba.

WACE SANA'A CE WANNAN?

A manyan biranen duniya akwai mutanen da sana'arsu ke nan, tsara cikin gini. Ana koyonta a makaranta kamar yadda ake koyon aikin likita ko aikin gona na zamani. Su ake kira in za a shirya cikin gida, ko ofis, ko asibiti, ko ajin 'yan lakol. Mutane da yawa suna zaton aikinsu bai wuce zaɓen kujeru da launi ba. Alhali kuwa yawancin lokacinsu a kan neman maganin matsala yake ƙarewa, kuma suna bin hanya sananniya.

Da farko sai su saurari mai wurin. Mutum nawa ne za su zauna? Akwai tsoho, ko jariri, ko maras lafiya? Me ake yi a ɗakin da safe, me ake yi da dare? Bayan haka sai su auna wurin, su duba hasken rana da hanyar iska da inda danshi ke tasowa. Daga nan su lissafa kuɗin da ke hannu da kayan aikin da ake samu kusa. Sai sun gama wannan duka sannan su yi zane a takarda, sau da yawa iri biyu ko uku, su nuna wa mai wurin ya zaɓa. In an gama aiki an shiga, sukan komo bayan wani lokaci su ga abin da ya yi daidai da abin da ke son gyara.

A ƙasar Adar wannan aiki yana nan tun kaka da kakanni, sai dai an raba shi tsakanin mutane. Magini ke da bango da rufi da ƙofa da taga. Mace mai ɗaki, tare da iyayenta mata, su ke da gado da jere da ma'aji. Masassaƙi, maƙeri, baduku da masu saƙar tabarma da asabari su ke kawo sauran kaya. Ba wanda ya riƙe takardar shaida a cikinsu, amma wanda ya ƙware daga cikinsu yakan fara da tambaya kamar yadda ɗan makaranta ke yi. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Saboda haka magini na kirki ba ya aza tubali sai ya ji ta bakin wadda za ta kwana a ciki.

ZAFI, ƘURA DA HADARI

Babbar matsalar ɗaki a jihar Tawa ita ce zafi. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana a hankali, sai bayan awoyi da yawa yake isar da shi ciki, lokacin da gari ya riga ya fara sanyi. Bulon siminti kuwa siriri ne, zafi yana ratsa shi da wuri. Kwano ya fi su duka, domin da rana ta taɓa shi yake ɗaukar zafi, ya sako shi a kan mutanen da ke ƙarƙashinsa.

Akwai wani abu kuma da magina suka daɗe da lura da shi: iska mai zafi sama take tashi. Shi ya sa ake ɗaga rufin zaure, a bar 'yar ƙaramar taga can sama kusa da rufi. Iska mai zafi ta fita ta nan, mai ɗan sanyi ta shigo ta ƙofa. Ɗakin da ke da taga guda a gefen ƙofa, sauran bangaye uku a toshe, iska ba ta yawo a cikinsa ko da an sa fanka. Fanka tana juya iskar da ta tarar ne kawai, kuma ran da aka ɗauke wuta ta tsaya.

Wanda ya riga ya rufa da kwano bai makara ba. Ana iya yi masa rufin ciki da zana, ko asabari, ko karan dawa da aka jera, a bar rata tsakaninsa da kwanon, a huda ƙananan kafofi a bango a daidai ratar don zafi ya riƙa fita. A maƙwabciyar ƙasa Burkina Faso, wani masanin zanen gine-gine mai suna Francis Kéré ya bi wannan dabara a makarantar da ya gina a ƙauyensu Gando, wadda aka gama a 2001. Ya yi rufin ciki da tubalin ƙasa, ya ɗaga kwano sama da shi a kan sandunan ƙarfe, iska tana wucewa tsakani. A ɗakin karatun makarantar kuma ya sa aka yanka tukwanen ƙasa aka dasa su a cikin rufi, haske yana shigowa ta bakinsu, zafi yana fita. A 2022 ya sami kyautar Pritzker, wadda ita ce babba a wannan fanni, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta.

Bayan zafi sai iska. Hadarin damina a wannan yanki daga gabas yake tasowa, da guguwa a gabansa. Iskar hunturu mai ƙura kuma daga arewa maso gabas take busowa. Don haka ne tsofaffin magina ba su cika buɗe babbar ƙofa ko taga a bangon gabas ba, kuma shi suke ƙara wa yaɓe. In ƙofa ta dubi yamma, sai a kafa rumfa a gabanta saboda ranar la'asar. Dokin ƙofa a ɗaga shi don kada ruwan tsakar gida ya shigo. Indararo kuma a tsawaita shi yadda ruwa zai zuba nesa da gindin bango. Waɗannan duka shawarwari ne da ake yankewa a waje, amma a cikin ɗaki ake cin amfaninsu.

RASHIN ITACE DA DABARAR MAGININ YAMA

Faɗin ɗakin ƙasa ya dogara ne ga tsawon itacen rufi. Azara, wato tsagin giginya, ita ce aka fi so domin gara ba ta cika cin ta ba. Amma azara guda in ba a tokare ta ba, ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ya wuce kamar metir 2. Giginya kuma ba itacen Adar ba ce, daga nesa ake kawo ta, kamar yankin Gaya. Bayan farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, manyan itatuwan dajin ma suka ragu ƙwarai. An yi ƙoƙarin mayar da su: a kwarin Majiya an fara shuka layukan bedi masu tare iska a 1975, a Keita kuma an fara babban aikin raya ƙasa a 1984 da taimakon Italiya. Duk da haka itacen rufi bai daina tsada ba.

Maginan ƙasar Hausa sun daɗe da samo wa wannan matsala magani, wato bakan gizo. Ana dasa gajerun itatuwa a cikin bango, kowane yana ɗan zarce na ƙasa da shi, ana ɗaurewa ana yaɓewa, har ɓangarori biyu su haɗu a sama. In bakan gizo ya gitta wani, sai a sami ɗaurin guga. Da haka gajeren itace ke rufe ɗaki mai faɗi. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19, shi ne ya fi shahara a wannan aiki.

A Adar ma an yi gwanin da sunansa ya kai duniya. Kudu da Tawa, kusa da Badagishiri a gundumar Illela, akwai garin Yama. A 1962 dattawan garin suka ɗora wa wani manomi kuma magini, Falke Barmu, aikin gina masallacin Juma'a. Aikin gayya aka yi. Wasu suka buga tubali, wasu suka yi dako, wasu suka saro itace, mata suka yi ta kawo ruwa. Ginin farko mai sauƙi ne: ɗaki mai kusurwa huɗu, da ginshiƙai a jere suna riƙe da rufi.

Da rufin ya tsufa ya bukaci gyara, a 1975, Falke bai mayar da shi yadda yake ba. Ya duba abin da ke damun masu salla a ciki, ya duba kuma irin itacen da ake iya samu. Sai ya haɗa ƙananan sanduna dami-dami, ya lanƙwasa su daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi suka zama bakan gizo, ya yaɓe su da ƙasa. Ya buɗe fili a tsakiyar masallacin ya ɗora tulluwa a kansa. Da haka rufi ya ƙara tashi, wuri ya ƙara sarari, ba tare da an nemi dogayen azarori ba. Daga baya ne ya ƙara hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, kowace da irin surarta, aka gama su a 1982.

A 1986 masallacin Yama ya shiga cikin ayyuka shida da suka sami kyautar Aga Khan ta gine-gine, aka yi bikin a birnin Marrakesh na ƙasar Maroko. Cikin waɗanda aka karrama tare da shi har da aikin gyaran masallacin Ƙudus. Baƙi sun fi ɗaukar hoton hasumiyoyin, amma abin koyi ga magina yana ciki, a ƙarƙashin rufi, inda aka mayar da ƙarancin itace ya zama kyan gini.

Akwai kuma wata hanya da ta bar itace gaba ɗaya. A 1980, a garin Cikal na yankin Filinge, ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina gini ba itace. Asalin dabarar daga ƙasar Nuba take, a kudancin Masar, kuma masanin gini Hassan Fathy ne ya farfaɗo da ita a can. Ana jera ƙananan tubala a kishingiɗe, kowane layi yana jingine da na bayansa, har rufi ya rufe kamar baka ko kamar tulluwa. Daga Cikal aikin ya bazu zuwa wasu jihohin Nijar da Mali da Burkina Faso, ya kuma sami kyautar World Habitat a 1998. Ɗakin da aka yi haka yana da sanyi, ba abin da gara za ta ci a rufinsa, wuta kuma ba ta kama shi. Sharaɗinsa biyu ne: maginin ya kasance ya koyi aikin sosai, kuma a riƙa duba yaɓen rufi da indararo kafin kowace damina.

DANDAJI: TSOHON MASALLACI YA ZAMA ƊAKIN KARATU

Misali na biyu shi ma daga gundumar Illela yake. A garin Dandaji akwai wani tsohon masallacin Juma'a na ƙasa, ginin Falke Barmu. Ya yi wa jama'a kaɗan, ya kuma fara lalacewa, har aka yi shawarar rushe shi a gina sabo. Aikin ya zo hannun Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar wadda ta fara da aikin kwamfuta kafin ta koma karatun zanen gine-gine a Amurka. A 2014 ta buɗe ma'aikatarta a Yamai ta sa mata suna na Hausa, Masomi. Ta yi aikin Dandaji tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, 'yar ƙasar Iran.

Ba su fara da zane ba. Sun zauna da mutanen garin, maza da mata da 'yan makaranta, suka ji bukatunsu. Sai ya bayyana cewa ban da wurin salla mai faɗi, garin yana bukatar inda yara za su zauna su yi bitar karatu, da inda manya, musamman mata, za su koyi karatu da rubutu da lissafi. Aka tsai da shawara a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a gefe, a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu. Aka sa wa wurin duka suna Hikma, don tunawa da gidan ilimin nan na Bagadaza na ƙarni na 9.

Anan ne aikin tsara ciki ya taso. An gina masallaci ne don sahu, cike yake da ginshiƙai masu kauri, kuma babu ɗakuna a cikinsa. Ɗakin karatu kuwa yana son kantocin littattafai, da wuraren zama na mutum ɗaya, da na ƙungiya. In an ce za a gina sababbin bangaye a tsakani, za a tare iska da haske, a kuma ɓoye bakan gizon da ake son a adana. In an ce itace, babu shi. Sai suka zaɓi ƙarfe. Da shi aka yi kantoci da shingayen da ke raba wuri, da matakala, da wani ɗan bene a ciki wanda ya ci amfanin tsayin rufin. Ƙarfe siriri ne, ba ya cin wuri, gara ba ta taɓa shi, kuma masu walda na ƙasa sun iya aikinsa. Aka kirawo maginan da suka yi aikin ginin na farko suka gyara bangaye, suka kuma koyi sababbin hanyoyin ƙarfafa yaɓe.

Sabon masallacin kuma an gina shi da tubalin jar ƙasa da ake matsewa a na'ura, daga ƙasar da aka haƙo kusa da garin. An shirya kafofin iska yadda ba sai an sa na'urar sanyaya ɗaki ba. An haƙa ma'ajin ruwa a ƙarƙashin ƙasa don tara ruwan damina a shayar da itatuwan harabar. An gama aikin a 2018. Tun a 2017 ya ci kyautar zinariya ta gidauniyar LafargeHolcim a yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya, a 2018 kuma ya ci ta azurfa a duniya baki ɗaya. Da an bi shawarar farko, da yanzu tsohon ginin ya zama tudun ƙasa, yaran garin kuma ba su da ɗakin karatu.

ƊAKIN MACE DA TANTIN MAKIYAYA

Ba sai an je babban gini ake ganin wannan hikima ba. Ɗakin mace a ƙauyen Adar ƙarami ne, amma shi ne wurin kwana, da ma'ajin dukiya, da wurin karɓar baƙi. Dubi yadda aka raba shi. Gado yana gefe, nesa da idon mai wucewa. An ɗaga shi daga ƙasa saboda danshi da kunama, ƙarƙashinsa kuma ya zama ma'aji. Randa tana inda iska ke bi don ruwa ya yi sanyi. Ragaya tana rataye da ƙwaryar nono ko fura inda kaji da yara ba za su kai ba. Alkuki a jikin bango yana riƙe fitila. Tsakiyar ɗaki a buɗe take, a shimfiɗa tabarma da rana, a naɗe ta da dare.

Jere ma yana da aikinsa ban da ƙawa. A da ƙorai ne da akusa da faya-fayai, daga baya kwalla da tasoshi da samira suka shigo. Dukiyar mace ce, wadda take iya sayarwa ran da bukata ta taso, ko ta ajiye wa 'yarta. Da aka jera ta sama a jikin bango, sai ta bar ƙasa a sarari, kuma mai ita tana ganin komai da kallo ɗaya. Daɓen ƙasa da mata ke yi da gayya, su shafe shi da makuba, yana hana ƙura tashi. Farar ƙasa a bango tana ƙara haske a ɗakin da tagarsa ƙarama ce.

Matsalar da ake gani yanzu ita ce kayan ɗaki sun girma, ɗaki bai girma ba. Akan sayo babban gado da kabad da kujeru na birni, a kawo su ɗakin da aka gina don gadon kara. Wani lokaci sai an fasa ƙofa kafin su shiga. In sun shiga su toshe taga, amarya ta rasa inda za ta shimfiɗa tabarmar salla. Igiya guda da za a auna ɗaki da ƙofa da ita kafin a tafi kasuwa ta isa ta hana wannan hasara.

In aka nufi arewa, wajen Abalak da Cintabaraden, sai a tarar da wata matsala dabam: gidan da zai tashi gobe. Tantin fata na Abzinawa mallakar mace ne, ita ke kafa shi, ita ke tsara cikinsa. Duk abin da ke ciki dole ya warwaru ya hau bayan raƙumi ko jaki. Gado sanduna ne da ake harhaɗawa. Bango asabari ne mai adon zaren fata, ana kewaya shi ta inda iska ke busowa, a janye shi in ta lafa. Jakunkunan fata su ne akwati, su ne kuma ado. Matan Fulani makiyaya ma haka suke jera ƙoransu a kan tebur na sanduna duk inda aka sauka. Babu abin da ake ɗauka wanda ba shi da amfani, darasin da mazauna birni za su iya koya.

TSARIN ƊAKI DA LAFIYAR IYALI

Akwai kurakuran da ba kuɗi kaɗai suke ci ba. A lokacin ɗari wasu sukan shigar da garwashi ɗaki su toshe ƙofa da taga su kwanta. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana iya kashe mutum cikin barci. 'Yar tagar nan ta sama da ake toshewa da tsumma tana iya ceton rai. Hayaƙin girki a ɗaki rufaffe yana cutar da ƙirjin mata da ƙananan yara, don haka madafa tana son nata wurin mai mafitar hayaƙi. Fitila ko murhu kusa da labule da katifar soso su ne mafarin gobara da yawa.

Sauro ma yana da alaƙa da tsarin ɗaki. Kafin a ajiye gado a duba inda za a ɗaura sange, wato gidan sauro, ta kusurwa huɗu. Kafofin iska da tagogi a sa musu raga. Kayan da aka tula a lungu mai duhu maɓoyar sauro ne da ɓeraye. Maganin ƙwari na gona da taki kuwa ba a ajiye su a ɗakin kwana, ko kusa da hatsi.

ABIN DA YA KAMATA A YI KAFIN A FARA

Duk mai niyyar gini ko gyaran ɗaki a wannan rani, ga abubuwan da gwanaye ke dubawa, bi da bi:

1. A zauna da wadda za ta zauna a ɗakin, a ji abin da ya dame ta a tsohon.

2. A je filin da safe, da tsakar rana, da la'asar, a ga inda rana ke duka da inda inuwa ke faɗuwa.

3. A bar wa iska hanyar shiga da ta fita, ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, a bangaye dabam-dabam.

4. A tambayi kayan da ake samu kusa kafin a nemi na nesa. Ƙasa mai kyau, dutsen da ke ko'ina a tuddan Adar, kara da zana duk kayan aiki ne. Siminti ya fi amfani a tushe, da dokin ƙofa, da inda ruwa ke taɓawa.

5. A zana ɗakin a ƙasa da sanda, a sa alamar gado da randa da kabad, a shiga a zagaya a gani ko wuri ya isa.

6. A raba kuɗi tun da wuri. Rufi da iska da daɓe su ne gaba. Fenti da labule suna iya jiran biɗar baɗi.

7. A ware wani abu don gyaran shekara-shekara kafin hadarin farko.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kuɗi mai yawa. Abin da suke bukata shi ne haƙuri na 'yan kwanaki, da shawara tsakanin maigida da uwargida da magini. Falke Barmu manomi ne, da ƙasa da sanduna ya yi aikinsa. Maginan da suka gaji irin wannan sani suna nan a garuruwan Adar, kuma ya dace samari su kusance su tun suna da ƙarfin koyarwa. Mai shirin aiko da kuɗin gini daga Abijan ko Tarabulus, ya aiko da waɗannan tambayoyi tare da kuɗin. Hausawa dai sun riga sun faɗa: tun ran gini, tun ran zane.